Dan Allah wace manhaja ce za ta haɗa min bidiyon saukar ɗalibanmu? Kowane fayil da irin sautinsa

Ɗan_Tudunwada

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah masu harkar editin da masana kwamfuta ku agaza min da shawara, yau kwana huɗu ina kan abu ɗaya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga iyayen yara sun fara kira suna tambaya.

Asabar ɗin da ta wuce muka yi walimar saukar Alƙur'ani a islamiyyar da nake koyarwa a nan Zariya, ɗalibai 23 ne suka sauke, to da yake ni ne mai laftof a cikin malamai sai hedimasta ya ce ni zan haɗa bidiyon a raba wa iyaye. Matsalar ita ce ba da abu ɗaya aka ɗauka ba. Akwai kyamara irin ta hannu da muka aro, ita aka kafa a wajen karatun tun daga farko har ƙarshe ba a kashe ta ba, fayilolinta suna ƙarewa da .MTS kuma ita da kanta ta yayyanka su gida biyar. Akwai iPhone ɗin wata malama da ta ɗauki ɓangaren mata, nata .MOV ne. Akwai tawa wayar Android, .mp4, wasu na ɗauka a tsaye wasu a kwance. Sannan mai lasifika ya naɗar mana sauti kai tsaye daga miksa zuwa fulash, MP3 ne na awa 2 da minti 10, kuma wlh shi ne ya fi fita tas, don na kyamara duk hayaniyar yara ce da ƙarar janareta da amsa-kuwwa. Na ƙarshe, malamin da ya kafa makarantar yana jinya bai samu zuwa ba sai ya turo nasiha ta WhatsApp, minti 6, ita kuma .opus ce, ina so in sa ta a farko tare da hotonsa.

Na sauke wata manhaja ta kyauta da aka ce tana haɗa bidiyo, na zuba mata duka na bar ta ta kwana tana aiki, da safe na buɗe sai ga ɓangaren kyamara shiru ba sauti kwata-kwata, ɓangaren waya kuma murya tana riga baki, da farko kaɗan ne amma kafin a kai ƙarshe ya kai wajen sakan huɗu. Kun san a bidiyon biki ƙila a yi haƙuri da wannan, amma karatun Alƙur'ani ne, yaro bakinsa yana kan wata aya murya tana kan wata, ba zan iya miƙa wa iyaye haka ba. Na gwada wata kuma ta buga min tambarinta a tsakiyar hoton ta ce sai na biya da dala za ta cire. Guntun da na kwafa a fulash na sa a talabijin ɗin gida hoto ya fito amma ta rubuta wai ba ta gane sautin ba.

Laftof ɗina tsohuwar Core i5 ce, RAM 4GB, Windows 10. Abin da nake so kawai fayil ɗaya mai kyau da zai yi a talabijin ta fulash, da sautin miksa a kan hoton kyamara, sai kuma wanda za a iya turawa ta waya. Wace manhaja zan sauke dan Allah? Data ɗina ba yawa, ba na so in yi ta saukewa ina gogewa. Allah ya saka da alheri.

Edita_Fagge

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa karatun yara albarka, ya ba wa babban malam lafiya. Ni bidiyon biki da suna da walima nake yi a Kano shekaru da dama, irin wannan haɗin gambizar kusan kowane sati sai ya zo hannuna, kwantar da hankalinka aikinka bai lalace ba.

Kafin maganar manhaja bari in faɗa maka abin da ya faru, don in ka gane shi ko wacce ka ɗauka za ta yi maka. Wannan MP4 da MOV da MTS da MKV da kake gani a ƙarshen sunan fayil mazubi ne kawai, kamar kular abinci. Kula biyu za su iya zama iri ɗaya a waje amma wannan tuwo da miyar kuka ne a ciki waccan shinkafa da wake. Abin da ke ciki shi ake kira kodek, hoto da nasa sauti da nasa. Kyamarar da kuka aro tsarin AVCHD ce, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, hotonta H.264 ne sautinta kuma yawanci AC3 ne, wato Dolby Digital. Wayoyi AAC suke naɗa. iPhone tun daga 2017 hotonta HEVC ne in ba a canza saitin ba. Na miksa MP3, na WhatsApp Opus. Ka ga sauti iri huɗu kenan ka zuba wa manhaja ɗaya, wanda ba ta iya karantawa ba sai ta bar wajensa shiru, shi ya sa ɓangaren kyamara ya fito ba murya.

Shi kuma murya da ke riga baki wannan daga waya ne. Kyamara tana ɗaukar firem, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, da adadi tsayayye, in 25 ne a sakan to 25 ne har ta gama. Waya ba haka take ba, tana hawa tana sauka gwargwadon haske da zafin da ta ɗauka, yanzu 30 anjima 24 anjima 29, manhajar da ba ta lura da wannan ba sai ta lissafa shi a matsayin tsayayye, hoto ya yi tsawo ko ya gajarta alhali sauti yana nan yadda yake, kuma kuskuren taruwa yake yi, shi ya sa da farko kaɗan ne a ƙarshe ya yi yawa. Ka sauke MediaInfo, ƙarama ce ƙwarai ba za ta ci maka data ba, ka buɗe fayil ɗin wayarka da ita ka duba wajen Frame rate mode za ka ga an rubuta Variable. Ka duba na miksa ma, ina kyautata zaton 44.1 kHz ne, na kyamara kuma 48 kHz.

To maganin shi ne kar ka haɗa su sai ka mayar da su duka jinsi ɗaya tukuna. Ni abu biyu nake ba wa yarana na shago, HandBrake da Shotcut, duk kyauta ne ba tambari ba kirak. HandBrake ita ce ta juyawa. Ka ɗauki Fast 720p30 amma ka shiga Video ka mayar da Framerate 25 ka danna Constant Framerate, wannan dannawar ita ce rabin aikin. Dalilin 25 shi ne kyamarorin da ake sayarwa a nan yawanci tsarin PAL ne, mai firem 25 a sakan, kuma tunda hoton kyamara ne ya fi yawa a aikinka gara wayoyin su biyo ta, amma ka tabbatar a MediaInfo. RF, wato ma'aunin kwalitin hoto, ka sa 18 tunda za a sake fitar da shi a gaba. A Audio ka zaɓi AAC, Stereo, Samplerate 48, bitiret 192. Kowane fayil ka sa shi a Queue ka bar ta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ta nemi ka sauke .NET Desktop Runtime kafin ta buɗe, kar ka tsorata na Microsoft ne. In ka ga launin bidiyon iPhone ɗin ya koɗe kamar an wanke shi to da HDR aka ɗauka, shiga Filters ka sa Colourspace a BT.709.

Sannan ka buɗe Shotcut, tun kafin ka jawo komai ka shiga Settings, Video Mode, ka zaɓi HD 720p 25 fps. Hoton kyamara a layin farko, na waya a layin sama inda kake so su shigo, MP3 ɗin miksa a layin sauti, ka nemo wajen da aka fara ta'awwuzi ka daidaita tudun sautin biyu, wato zanen hawa da saukar murya da ke fitowa a kan layin, sai ka kashe na kyamara. Opus ɗin malam Shotcut tana karanta shi kai tsaye, ka ja hotonsa ya kai tsawon minti shidan. Da RAM 4GB ka kunna Preview Scaling da Proxy in ba haka ba za ta riƙa maƙalewa. Gaskiya Shotcut za ta iya buɗe MTS da HEVC ba tare da an juya ba, amma a irin injinka wahala za ka sha.

DaVinci Resolve kar ma ka fara, tana da kyau amma ba ta injin 4GB ba ce, kuma saukar da ita kaɗai zai cinye maka gigabait na data.

Maman_Ikram

Slm malam sannu da kokari Allah ya biya. Ni ba masaniya bace sosai, kayan kicin nake sayarwa ina hada bidiyon talla a waya da CapCut, kuma ita kam duk abinda na zuba mata tana karba ko na iPhone ne ko na Android ko murya daban, ban taba ganin baki ya saba da murya ba. Amma fa nawa minti daya ne zuwa uku, awa biyu kam bana jin waya zata dauka, zafi zatayi ga memori ya cika, kuma MTS dinnan ban taba gwadawa ba, don haka kabi maganar su Edita.

Abinda yasa nayi magana shine a matsayina na uwa, bara yarinyata tayi sauka aka bamu bidiyo na kusan awa uku, wlh sau daya muka kalla gaba daya, amma wajen da ita take karatu da inda aka mika mata allo da shahada munfi sau hamsin muna komawa, kakarta tana kauye har yau ban samu na tura mata ba saboda girman fayil din. Dan Allah idan ka gama babban ka yanka wa kowane dalibi nashi, minti hudu ko biyar, shine wanda iyaye zasu tura ma yan uwa ta WhatsApp. Kuma bangaren mata ka tambayi malamar da iyaye kafin ka dora a Facebook ko YouTube, ba kowa ne yakeson hoton matarsa ko budurwar yarsa ya shiga duniya ba, wanda za'a raba a fulash daban wanda za'a dora daban.

Injiniya_Bichi

Salam. Bayanin Edita a kan kula da abinci daidai ne ɗari bisa ɗari, ban da abin ƙarawa. Inda na ɗan saɓa da shi wajen tsarin aikin ne, kuma akwai abu ɗaya da in ba a yi shi ba Malam zai sake dawowa da kuka.

Waɗannan MTS guda biyar ba bidiyo biyar ba ne, bidiyo ɗaya ne da kyamara ta yanka saboda katin memori, kuma yankan ba ya duba inda firem ko sauti ya ƙare. In ka juya kowanne shi kaɗai a HandBrake sannan ka jera su, a kowace mahaɗa za ka iya rasa ɗan guntun hoto da sauti, mahaɗa huɗu kenan, kuma kowacce za ta ture maka daidaiton da ka yi da MP3 ɗin miksa. Ka fara liƙe su tukuna, ba ka buƙatar sauke komai, buɗe CMD, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar ka rubuta:

copy /b 00000.MTS+00001.MTS+00002.MTS+00003.MTS+00004.MTS hade.MTS

Ka sa sunayen yadda suke a naka kuma a jere. Wannan ba juyawa ba ne, liƙawa ce kawai, kwaliti ba ya raguwa ko kaɗan, amma ka tabbatar kana da fili a had-disk ɗin laftof kamar girman su biyar ɗin.

Na biyu, HandBrake ba ta haɗa fayil biyu kuma ba ta karɓar sauti daga waje, juyawa kawai ta iya, shi ya sa dole sai an bi ta Shotcut, wato hoto zai sha matsa sau biyu. H.264 da AAC da MP3 duk masu zubar da wani abu ne a kowace juyawa, kamar ka yi fotokwafin fotokwafi. Ni FFmpeg nake amfani da ita, tun shekarar 2000 ake gina ta, kuma Shotcut da VLC ta kallon bidiyo da HandBrake duk suna amfani da kayanta a cikinsu. Ba ta da maɓallan dannawa sai rubutu, amma ba ta cin RAM kamar manhajar editin. Juya na kyamara da ɗora sautin miksa a lokaci guda:

ffmpeg -i hade.MTS -ss 12.5 -i miksa.mp3 -map 0:v -map 1:a -vf "yadif,scale=1280:720,setsar=1,fps=25,format=yuv420p" -c:v libx264 -crf 22 -c:a aac -b:a 160k -ar 48000 -ac 2 -shortest kyamara.mp4

Wannan 12.5 misali ne, ma'ana in miksa ta riga kyamara farawa da sakan 12 da rabi a yanke su, kai za ka auna naka. yadif ɗin kuma shi ke cire layi-layin da ke fitowa a gefen mutum in ya motsa, don irin waɗannan kyamarorin da yawa 1080i suke ɗauka. Na waya, har da waɗanda ka ɗauka a tsaye:

ffmpeg -i waya1.mp4 -vf "scale=1280:720:force_original_aspect_ratio=decrease:force_divisible_by=2,pad=1280:720:-1:-1,setsar=1,fps=25,format=yuv420p" -c:v libx264 -crf 22 -c:a aac -b:a 160k -ar 48000 -ac 2 w1.mp4

Zai sa baƙi a gefe da gefe maimakon ya buɗa fuskar mutane. In duk sun zama jinsi ɗaya sai ka rubuta sunayensu a jeri.txt, kowane layi kamar file 'w1.mp4', sannan:

ffmpeg -f concat -safe 0 -i jeri.txt -c copy duka.mp4

Wannan -c copy ɗin ma'anarsa kar a sake matsa komai, a zuba a kula ɗaya kawai, cikin 'yan mintuna ya gama. In rubutun ya yi maka nauyi akwai Shutter Encoder, wani Bafaranshe ne ya yi ta, kyauta ce, FFmpeg ce aka sa wa maɓallai, tana da Merge da Replace audio da Rewrap.

Amma in faɗi gaskiya, hanyata jerawa kawai take yi, wannan ya ƙare wancan ya fara. In kana so ana cikin karatu a nuno ɓangaren mata a dawo, ko ka rubuta sunan kowane ɗalibi a ƙasan hoto, to Shotcut ɗin Edita ce hanya, sai dai ka yi liƙin MTS ɗin tukuna.

Ɗan_Damagaram

Assalamu alaikum daga Zinder. Ni ina da shago ina sa ma mutane wa'azi da karatu da fim a kile, wato fulash ɗinku, da katin waya, saboda haka maganar tele zan yi don nan ne aikin mutane da yawa ke faɗuwa bayan sun gama wahala.

Na farko kile da yawa a tsarin ajiya na FAT32 suke zuwa, kuma FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB ko da kile ɗin 32GB ne, za ta ƙi karɓa alhali wuri na nan. Za ka iya mayar da shi exFAT ko NTFS amma ba kowace tele ke karanta su ba, musamman tsofaffi da ƙananan dikoda masu ramin USB, kuma kai gida 23 za ka ba, ba ka san irin telen kowa ba. Saboda haka ka tsaya ƙasa da 4GB. Lissafin mai sauƙi ne, awa 2 da minti 10 sakan 7800 ne, in hoto da sauti gaba ɗaya suka kai 4 Mbps fayil zai kai wajen 3.9GB, ka ga ka zo bakin iyaka, ga kuma nasihar malam da na wayoyi za su ƙaru a kai. In ka tsaya a 2.5 Mbps na hoto da 128 kbps na sauti za ka samu wajen 2.5GB, kuma a 720p mutum zaune yana karatu ba gudu ba tsalle wannan ya isa ƙwarai. Sauti ba shi ne mai cin wuri ba, 128 kbps bai kai 60MB a awa ba, kar ka matse shi don neman ragi, a karatun Alƙur'ani makhraji ake so a ji.

Na biyu ka fitar da MP4, hoto H.264, sauti AAC sitiriyo. Kar wani ya ruɗe ka da H.265, wato HEVC, wai ya fi ƙanƙanta, gaskiya ne ya fi, amma tsofaffin tele da ƙananan wayoyi da yawa ba su buɗe shi. MKV ma ina son ta, MKVToolNix ita nake sa wa in zan ɗora wata murya a kan hoto ba tare da juyawa ba, har tana da wurin jinkirta sauti da milisakan, amma ta aikin shago ce, abin da za a kai gidajen mutane MP4 ya fi aminci. Kuma kar ka yarda da VLC wajen gwaji, ita komai tana buɗewa, ka gwada a tele mafi tsufa da za ka samu a unguwarku.

Maganar Hajiya Maman Ikram kuma LosslessCut ce maganinta, ka buɗe babban fayil ka sa alama farkon kowane yaro da ƙarshensa, ta fitar da su duka ba tare da sake matsawa ba. Ka bar ɗan sarari na sakan biyu ko uku a gaba don ba a kan kowane firem take iya yanka ba.

Ɗan_Tudunwada

Jazakumullahu khairan gaba ɗaya, wlh na ji daɗi sosai. Ga inda nake. Na duba MediaInfo kamar yadda Yaya Edita ya ce, na waya Variable ne, na kyamara AC-3 ne 25 fps, na miksa 44.1. Na liƙe MTS da umarnin Injiniya ya zama fayil ɗaya kusan 16GB, na juya shi da na wayoyi a HandBrake, ya ɗau dare guda da rabin yini don an ɗauke wuta a tsakiya sai da na sake na kyamara daga farko. Yanzu a Shotcut komai yana da sauti kuma na waya baki da murya sun daidaita alhamdulillah.

Saura abu ɗaya. Na daidaita MP3 ɗin miksa da hoton kyamara a kan ta'awwuzin yaro na farko ya zauna cif, amma da na je wajen addu'ar rufewa sai na ga murya ta yi baya da kusan sakan biyu. Kyamarar ba Variable ba ce, to daga ina kuma wannan ya fito? Kuma in an ce a ƙara wa sautin sauri ina tsoron kar ya taɓa karatun, madda ta gajarta ko murya ta canza, wannan amana ce a wuyana.

Injiniya_Bichi

Malam wannan ba laifinka ba ne kuma ba na manhaja ba ne. Kyamara da abin naɗar sautin miksa kowanne da agogonsa a ciki, kuma ba a haɗa su da waya ɗaya ba, dole a samu ɗan bambanci, ba a jin sa a minti biyar amma a awa biyu sai ya taru. Duba lissafin, sakan 2 a cikin 7800 bai kai kashi 0.03 cikin ɗari ba. Maddar da aka ja ta sakan uku abin da zai ragu a cikinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, babu kunnen da zai ji wannan, saboda haka ta fuskar amana hankalinka ya kwanta.

In za ka bi ta lissafi, ka buɗe MP3 ɗin a Audacity, ka yi amfani da Change Tempo wanda ba ya taɓa kaurin murya, ka rage tsawon da sakan biyun, ka fitar da shi WAV 48000 ba MP3 ba don kar ya sake shan matsa, zai kai wajen 1.5GB amma na aiki ne kawai ka goge daga baya. Ko ba don wannan ba ma WAV ya fi zama daram a layin edita fiye da MP3.

Edita_Fagge

Lissafin Injiniya daidai ne, amma Malam tunda zuciyarka ba ta son a taɓa saurin karatu ko kaɗan, ga yadda muke yi a shago ba tare da an taɓa shi ba. Ɗalibai 23 ne, tsakanin kowane yaro da na bayansa akwai shiru ko kabbara lokacin da ake miƙa makirfo. Ka yanka layin sautin a irin waɗannan wuraren, ba sai duka ba, ko bayan kowane yaro biyu, ka ɗan jawo guntun baya har tudun ya hau kan na kyamara. In ka raba sakan biyu gida goma sha ɗaya kowane yanki kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba kafin ka sake gyarawa, in ka yanka a kan kowane yaro kuwa ido ba zai kama ba sam, kuma abin da ka cire shiru ne ba harafi ba. Kar ka goge sautin kyamara sai ka gama, shi ne ma'auninka. Akwai Align To Reference Track a Shotcut da ke gwada sautin biyu ta daidaita da kanta, ka gwada, amma da ƙarar janaretan da ka ce ba lallai ta kama ba, hannu ya fi tabbas.

Kuma ka bar kaɗan daga sautin kyamara a wajen kabbara da lokacin miƙa allo, ka ɗaga shi ƙasa-ƙasa, don miksa abin da ya shiga makirfo kawai take ji, in ka kashe na kyamara gaba ɗaya sai taron ya zama kamar ba mutane a wajen.

Saukar baɗi in Allah ya kai mu, kafin a fara wani ya tsaya gaban kyamara kusa da makirfo ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi, a ƙarshe ma haka, masu waya kuma a ce kowa ya riƙe ta a kwance, mai iPhone ta shiga saitin kyamara ta zaɓi Most Compatible.

Ɗan_Tudunwada

Alhamdulillah an gama jiya da daddare. Hanyar yankawa na bi, a kan kowane yaro na yanka, ya ɗau lokaci amma na fi samun natsuwa da ita, kuma na mayar da MP3 ɗin WAV tukuna kamar yadda Injiniya ya ce. Fayil ɗin ya fito 2.7GB, na gwada a talabijin ɗinmu da ta maƙwabcinmu wadda ta fi tamu tsufa duk hoto da sauti sun fito. Na kai wa babban malam a asibiti ya kalli farkon a laftof, ya yi ta sa wa yaran albarka, na gaya masa mutanen da ban taɓa gani ba ne suka taimaka ya ce in isar muku da addu'arsa. Hajiya Maman Ikram na gaya wa hedimasta maganarki, ya ce ɓangaren mata ba za a ɗora a intanet ba sai a fulash kawai.

Yanzu ina kan yanka na kowane ɗalibi da LosslessCut, na yi 9 saura 14. Ɗan'uwa na Damagaram, kowanne yana fitowa wajen 90MB zuwa 110MB, in tura su a matsayin Document ne ko in sake rage su a HandBrake zuwa 480p saboda masu ƙaramar data?